Baƙi bakwai a saba ɗaya, kowa na kuka da nauyi: ta ina za a fara bincike?

Tambayar ta zo daga wani malami da ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar ma'aikata a Yamai. Ga abin da ya ce a taƙaice: suna da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, mai furosesa biyu, kowace da ƙwaya 8, RAM giga 64, da diski huɗu masu juyawa 7200 a minti da aka haɗa RAID 5, wato tsarin da ke haɗa diskoki su yi aiki kamar ɗaya, ko ɗaya ya mutu bayanai ba su ɓace ba. Proxmox ke kanta, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutocin aro da ake kira VM, tana ɗauke da VM bakwai, biyar Windows biyu Linux. Tun da aka shiga Maris ma'aikata ke ƙorafin nauyi, musamman da safe in an buɗe biro, da kuma daga azahar zuwa la'asar. Ya ƙara wa kowane VM furosesa har ta kai 8, ya ƙara RAM har jimillar ta kai giga 60, abin sai ya ƙara lalacewa. Yana tambaya ko sabar ce ta tsufa, a nemi kuɗin sabuwa.

Malam, kada ka rubuta takardar neman sabuwar saba tukuna. Abin da ka bayyana ya fi kama da matsala biyu ko uku da suka haɗu wuri ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ƙarin da ka yi ne ya haifar da ita. Don sauƙin magana zan riƙa ce wa Proxmox ɗin mai masauki, VM kuma baƙo.

Nauyin kwamfuta jira ne. Wani aiki ya tsaya yana jiran furosesa, ko RAM, ko diski, ko rezo, wato hanyar sadarwar kwamfutoci. Aikinka shi ne ka gano layin da ya yi tsawo, kuma daga wajen mai masauki ake ganinsa, domin baƙo bai san abin da ke faruwa a wajen ɗakinsa ba. Windows zai nuna maka furosesa tana aiki kashi 30 cikin 100 alhali rabin lokacin ma ba a ba shi ita ba. Saboda haka ka fara da ajiye awo. Ka saka manhajar awo sysstat da `apt install sysstat`, ka mai da ENABLED ya zama "true" a cikin `/etc/default/sysstat`, ka tayar da shi. Duk minti 10 zai riƙa rubuta halin sabar. Ka bar shi kwana uku na aiki ba tare da ka taɓa komai ba, sannan ka roƙi mutum biyu daga cikin ma'aikata su riƙa rubuta agogo a takarda duk lokacin da abin ya tsaya musu. "Yana da nauyi" ba ya kai ka ko'ina, amma "8:10 zuwa 8:40, manhajar lissafin kuɗi ta ƙi buɗewa" bakin zare ne. Da `sar -u`, `sar -q`, `sar -d` da `sar -W` za ka koma daidai wannan lokacin ka ga furosesa, tsawon layi, diski da musanyar RAM.

A daidai lokacin da ake kuka kuma, ka shiga mai masauki ka buga `cat /proc/pressure/cpu`, sai `memory`, sai `io` a wannan jakar. Linux na da wannan awon tun siga 4.20, kuma shi ne mafi gajertar hanya: lambar avg60 tana gaya maka kashi nawa na mintin da ya wuce aiki ya tsaya yana jiran wannan abin. Wanda lambarsa ta fi girma a cikin ukun, can za ka dosa. Kada ka dogara da load average, wato matsakaicin yawan ayyukan da ke gudu ko ke layi, shi kaɗai, domin a Linux yana ƙirga har ayyukan da suka maƙale suna jiran diski, sai ka ga 20 ka ɗauka furosesa ce ta gaza alhali tana zaune.

Zan fara da nauyin azahar, don shi ne ya fi alaƙa da garinmu. Matsalar da ta fara a Maris, take zuwa da rana tsaka, ta lafa da yamma, zafi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 kusan kullum, ga ƙurar hunturu da ta kwashe wata uku tana shiga ta ko'ina kafin nan. Iskar da aka fi so ta shiga gaban saba ita ce tsakanin digiri 18 zuwa 27, kuma mafi yawan sabobi iyakar da aka yi musu 35 ce. Idan furosesa ta kusa iyakarta, wajen digiri 90 zuwa 100 gwargwadon samfurinta, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ba ta fitar da wani saƙo a fuskar Proxmox. Abin da za ka gani kawai shi ne aikin da ke cin kashi 40 da safe ya koma cin kashi 90 da rana, ba tare da an ƙara mai amfani ko ɗaya ba.

Ga yadda ake kama shi. `ipmitool sdr type temperature` zai ba ka zafin iskar shiga da na kowace furosesa, `ipmitool sel list` kuma ya nuna tarihin gargaɗin da allon sabar ya rubuta, har da fankar da ta mutu ko akwatin wutar da ya faɗi. Idan Dell ce shafin kula da sabar, iDRAC, na nuna wannan, idan HP ce iLO. Sai ka duba `grep . /sys/devices/system/cpu/cpu*/thermal_throttle/core_throttle_count` da ƙarfe 8 na safe, ka sake dubawa da ƙarfe 3. Idan lambobin sun hau, magana ta ƙare. Kayan awon turbostat ma yana da layin Bzy_MHz, wanda ke nuna ainihin gudun furosesa a wannan daƙiƙar. Furosesar da aka rubuta mata 2400 ka same ta a 1200 tana cikin aiki, an shaƙe ta.

Ka je ɗakin da ƙafarka da misalin ƙarfe 2, ka sa hannu a gaban sabar, ka sa a bayanta. Sau da yawa kilim ɗin, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki amma yana hura bayan akwatin, ko an jingina sabar da bango har iskar zafin da ta fita tana zagayowa ta sake shiga ta gaba. Wani lokaci in kuran ya ɗauke, sabar na kan ondula, akwatin batirin da ke riƙe ta in wuta ta yanke, tana ci gaba, shi kuwa kilim ba a haɗa shi da gurup, wato janareta, ba, ko an haɗa amma ba ya tashi da kansa in wuta ta dawo sai an danna masa. Minti 30 ya isa ƙaramin ɗaki rufaffe ya zama tanda. Ka zaɓi ranar Asabar ka kashe sabar, ka cire wayoyin wuta, ka buɗe murfi. Za ka iske ƙura ja ta yi kauri kamar bargo a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa. A hure ta da busasshiyar iska, ana riƙe fankoki da yatsa don kada su yi ta juyi a banza, kuma kada a kawo kwamfuresan masu faci, don yana fesa ruwa da mai. A mai da murfin robar da ke bi da iska a mazauninsa, a toshe ramukan diskin da babu kowa a ciki. In sabar ta shekara biyar ba a taɓa canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta ba, ya bushe, a canza.

Zafin nan yana da wata ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa, kuma ita nake zargi fiye da komai a sha'aninka. Katin RAID, wanda ke tafiyar da diskokin, yana da ƴar RAM tasa da ƙaramin batir. Muddin batirin na da lafiya, katin na karɓar rubutu ya ajiye a RAM ɗinsa, ya ce wa baƙo an gama cikin ƙasa da milisakan ɗaya, daga baya ya jera su ya zuba a diski. Ranar da batirin ya mutu, ko cajinsa ya yi ƙasa, katin na daina wannan don kada a yi asarar bayanai in wuta ta ɗauke, sai kowane rubutu ya jira diskin da kansa. Batir kuwa babu abin da ke kashe shi da wuri kamar zafi da yawan ɗaukewar wuta. Sabar da ta yi shekara uku lafiya lau za ta wayi gari tana rarrafe, ba a canza komai ba.

Ka yi lissafin da kanka ka gani. Diski mai juyawa 7200 yana iya aiki 75 zuwa 100 a daƙiƙa in ana tsalle daga wuri zuwa wuri, wanda kuwa shi ne irin aikin da baƙi bakwai ke jawowa. Mu ce 80. Huɗu sun ba ka 320. Amma a RAID 5 kowane ƙaramin rubutu aiki huɗu ne: a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. Rubutu zalla ke nan 80 a daƙiƙa, kamar diski ɗaya tal. In aikinku kashi 70 karatu ne 30 rubutu, abin da za ka samu bai wuce 170 ba, Windows biyar da ma'ajiyar bayanai suna rabawa. Windows ɗaya in yana sabunta kansa ko Defender na bincike zai iya cinye wannan shi kaɗai. Da RAID 10 ne, inda rubutu aiki biyu ne, da lissafin ya kai wajen 245. Batirin katin ne yake rufa wa RAID 5 asiri duk tsawon shekarun nan.

In katin Dell PERC ne ko LSI, `perccli /c0/vall show` ko `storcli /c0/vall show` zai nuna layin Cache. Ka nemi WB a cikin haruffan, wato katin na ajiye rubutu a RAM ɗinsa. In ka ga WT, wato rubutu na jiran diski, alhali ba kai ka saita haka ba, ka duba batirin da `/c0/bbu show`, ko `/c0/cv show` in mai kafasita ne. A HP kuwa `ssacli ctrl all show status` zai faɗi halin batirin kai tsaye. Akwai zaɓin tilasta WB ko babu batir, kuma za ka ga nauyin ya tafi nan take in ka kunna shi. Don Allah kada ka yi. A garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, ranar da ondula ya gaza duk abin da ke cikin RAM ɗin katin ya tafi, ma'ajiyar bayanan kuɗi ta lalace ta yadda wani lokaci sai bayan makonni za a gane. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. A sayi batirin, kuma tun da sai an yi odarsa daga waje, a sayi biyu.

Ko batirin na da lafiya, ka auna diskin. `iostat -x 5` a kan mai masauki, ka zuba ido kan r_await da w_await, wato milisakan nawa kowane karatu da rubutu ke jira, da aqu-sz, tsawon layin. A diski mai juyawa, ƙasa da 10 lafiya, 20 an fara ji, 50 zuwa sama shi ne lokacin da wayarka ke ƙara. Kada %util ya ruɗe ka, don a kan RAID yana iya nuna 100 alhali da sauran wuri. A shafin farko na Proxmox akwai IO delay, awon jiran diski. In ya zauna sama da kashi 10 na tsawon lokaci, labarin ɗaya ne. Sai `iotop -oP` ya nuna maka wane kvm, wato aikin da ke ɗauke da kowane baƙo, ne ke cin diskin, lambar baƙon tana cikin layin. Daga nan ka shiga wannan baƙon ka ga wace manhaja ce. In ba za a iya hana ta ba, Proxmox na barin ka sa wa diskin baƙo iyakar aiki a daƙiƙa, ka ɗaure mai haɗama ka bar wa sauran hanya.

Ka kuma tabbata babu diskin da ke mutuwa a hankali. Diski mai ciwo ba ya faɗuwa lokaci ɗaya. Yana ta maimaita karatu a wurin da ya lalace, sauran ukun suna jiransa. A bayan katin PERC, `smartctl -a -d megaraid,0 /dev/sda` ne, kana canza 0 zuwa lambar kowane diski. A diskin SATA ka duba lamba 5, 197 da 198; duk wadda ta tashi daga sifili kuma tana hawa, a shirya canji. Lamba 199 ta waya ce ko mazaunin diskin. In ka iske RAID ɗin ma yana tafiya da diski uku, ko yana tsakiyar sake gina kansa, ka bar duk wani gyara, ka fara tabbatar da kwafin ajiyarka yana buɗuwa.

Nauyin safe kuwa yawanci cunkoso ne, kuma yana da alaƙa da abin da ya faru da dare. Ka duba `uptime` da `last -x` ka ga ko sabar na mutuwa da dare. In kuran ya ɗauke da tsakar dare, babu mai tayar da gurup, ondula ya ƙare, to da safe baƙi bakwai ne ke tashi a daƙiƙa ɗaya a kan diskin da muka lissafa. Bayan haka duk aikin da aka tsara na ƙarfe 2 na dare, kwafin ajiya, binciken Defender, sabuntawa, da yawansu an saita su su rama da zarar an kunna. Shi ma katin RAID in an kashe shi ba shiri yana iya shiga duba kansa na sa'o'i. Duk wannan ya haɗu da mutum ashirin da ke shiga asusunsu da ƙarfe 8. Maganin ba ya cin ko dala: `qm set 101 --startup order=1,up=120` zai sa baƙo na 101 ya fara tashi, a jira daƙiƙa 120 kafin na gaba. Mai kula da asusun shiga da DNS shi ne na farko, ma'ajiyar bayanai ta biyu, sauran su biyo. A `/etc/vzdump.conf` ka sa `bwlimit: 51200`, kwafin ajiya ba zai wuce mega 50 a daƙiƙa ba. Ka raba wa Windows ɗin lokutan bincikensu, kada biyar su fara tare. Ka haɗa ondula da sabar ta USB ko rezo da NUT ko apcupsd, don ta kashe baƙi cikin tsari kafin batir ya ƙare. Batirin ondula ma ka gwada shi da kaya a kansa. Irin na darma rayuwarsa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, shi ya sa wanda aka ce zai yi shekara biyar ba ya kaiwa a ɗaki mai zafi.

Yanzu ga ƙarin da ka yi. Baƙi bakwai sau 8, furosesar aro 56 ke nan a kan ƙwaya 16. Proxmox zai nuna maka 32 saboda kowace ƙwaya tana da zare biyu, amma zare na biyu ba cikakkiyar ƙwaya ba ce, ɗan ƙari ne kawai. A KVM kowace furosesar aro aiki ce da ke bin layi kamar kowa. Baƙo mai 8 yana raba aikinsa takwas yana zaton duka suna gudu tare. Sai ɗaya ta riƙe makullin wani bayani, mai masauki ya dakatar da ita don ya ba wani baƙon dama, sauran bakwai su yi ta juyi suna jiran makullin, suna cin lokacin da wasu ke buƙata. Shi ya sa ka ƙara abin ya ƙaru. A baƙon Linux, `top` yana da st a layin furosesa, lokacin da aka ƙwace masa. In ya zauna sama da kashi 5, akwai cunkoso. Windows ba ya nuna wannan, sai ka duba layin r na `vmstat 1` a mai masauki: in yana yawan wuce 32, layi ya fi masu aiki yawa. Masu VMware ESXi, wata manhaja irin Proxmox, su duba %RDY da %CSTP a esxtop. Kashi 5 ga kowace furosesar aro an fara damuwa, 10 matsala ce. A jadawalin vCenter na kai tsaye awon na daƙiƙa 20 ne, don haka milisakan 1000 shi ne kashi 5.

Shawarata ka mai da kowa 2, ma'ajiyar bayanai 4, ka duba mako guda. Wanda ka ga ya cika nasa na tsawon lokaci kuma st ɗinsa ƙasa, shi kaɗai za a ƙara wa, biyu biyu. Tun da saba ɗaya ce gare ku, ba ku ƙaura da baƙi zuwa wata, ka sa nau'in furosesar baƙi ya zama host, wato irin ta mai masauki. Tsohon zaɓin kvm64 yana ɓoye wa baƙo umarni irin su AES da furosesarka ke da su, sai ɓoye bayanai ya riƙa cin ƙarfi a banza. A BIOS kuma ka duba tsarin wuta, in yana kan tsimi ka mai da shi na aiki, amma bayan an gyara sanyi, don yana ƙara zafi.

RAM ta fi furosesa rashin yafiya. Ka raba giga 60 cikin 64, ka bar wa mai masauki 4, alhali kowane baƙo yana cin wani abu a kan abin da aka rubuta masa, ga shi kansa Proxmox. Windows kuma yana taɓa duk RAM ɗin da aka ba shi tun wajen tashi. Da wuri ya ƙure, mai masauki zai fara kwashe RAM ɗin baƙi yana zubawa a diski, a kan RAID 5 ɗin nan dai da ke numfashi da ƙyar. Baƙon bai san an yi haka ba. Shi dai ya nemi abin da ya ajiye, abin da ya saba samu nan take sai ya ɗauki milisakan 20. A `vmstat 1` ka kalli si da so, wato abin da ake ɗaukowa daga swap, wurin da ake zuba RAM a diski, da abin da ake kaiwa can. Swap da ya cika amma si da so suna sifili ba ya cutarwa. In lambobin na motsi a lokacin aiki, nan ciwon yake. Don ka san wa aka kwashe wa, lambar aikin baƙo tana cikin `/var/run/qemu-server/101.pid`, sai ka nemi VmSwap a `/proc/lambar/status`. In akwai baƙon da ke mutuwa haka kawai, `journalctl -k | grep -i "out of memory"` zai gaya maka ko mai masauki ne ya kashe shi don ya tsira. Ka sauko da jimillar zuwa giga 50 ko 52. Sabar fayil ba ta buƙatar giga 12 don kawai jadawali ya nuna ta cika; fayilolin da ta karanta ne take riƙewa, kuma in ba a saka direban balloon da qemu-guest-agent ba, Proxmox ba ya ganin gaskiyar abin da ke cikin Windows.

Ga wanda ke karanta wannan kuma ZFS, wani tsarin ajiye bayanai a diski, ne a sabarsa: shi ma yana ɗibar RAM don ajiye abin da ya karanta, a da har rabin ta gaba ɗaya. Sabon sakawa daga Proxmox 8.1 yana tsayar da shi a kashi 10, iyaka giga 16, amma sabar da aka ɗaukaka daga tsohuwar siga tana nan da tsohon halinta sai an sa zfs_arc_max a `/etc/modprobe.d/zfs.conf`. Kuma ba a ɗora ZFS a kan katin RAID.

Furosesa biyu na nufin RAM ɗinka ma gida biyu ce, kowace da nata giga 32 in an jera sandunan daidai. `numactl --hardware` zai nuna. In ka ga 48 da 16, wani ya soka sandunan yadda ya ga dama, a gyara bisa zanen da ke cikin murfin. Baƙon da ya fi giga 32 ko ƙwaya 8 dole ya tsallaka gida biyu, a kunna masa NUMA, zaɓin da ke nuna wa baƙo wannan rabon.

Sai kayan aron da aka ba baƙin. Ka buɗe `qm config` na kowane ɗaya. In ka ga diski a kan ide ko sata, katin rezo kuma e1000 ko rtl8139, to mai masauki yana kwaikwayon tsohon ƙarfe ne, kowane aiki sai ya biya kuɗin kwaikwayo. VirtIO, kayan aron da ba sa kwaikwayon tsohon ƙarfe, ake so: VirtIO SCSI single da iothread ga diski, VirtIO ga rezo. Linux na da direbobin tun asali. Windows sai an bi a hankali, in ba haka ba shuɗin allo zai tarbe ka: ka saka faifan virtio-win, ka ƙara ƙaramin diski na giga 1 a kan SCSI, ka bari Windows ya gan shi ya saka direba, ka kashe, sannan ka cire babban diskin ka mai da shi SCSI, ka gyara jerin tashi. Katin rezo in ya canza, Windows na ɗaukarsa sabo, don haka ka rubuta adireshin IP kafin ka fara. Zaɓin cache na diski ka bar shi yadda ya zo, kada ka kusanci unsafe. Ka kuma duba `lvs`: in Data% na tafkin LVM-thin, inda ake ajiye diskokin baƙi, ya haura 85, a yi wuri tun kafin ya cika, don in ya cika baƙi tsayawa suke yi cak. Tsofaffin hotunan diski, wato snapshot, da aka ɗauka kafin wani gyara aka manta, a goge su da dare ɗaya bayan ɗaya. VMware ma shawararsu kada hoto ya wuce awa 72.

Rezo ba na zarginsa sosai a nan, amma dubawar minti biyar ce. `ethtool eno1`, ko duk sunan da katinka ke da shi, ya nuna 1000Mb/s. In 100 ka gani, waya ce ta lalace ko bakin suwic, kuma duk ma'aikatar na raba mega 11 a daƙiƙa maimakon wajen 115. Ka gwada iperf3 tsakanin wata kwamfutar biro da baƙo. Ka kuma tambayi masu ƙorafin ko abin da ke musu nauyi a sabar yake ko a intanet, don mutane kan haɗa su duka su ce saba.

Wajen gyara, abu ɗaya a rana, ka rubuta abin da ka canza da agogo, ka kwatanta sar na jiya da na yau. Ni da zan jera maka: Asabar a share ƙura a gyara iska, a duba batirin katin a yi oda, Litinin da dare a rage furosesa da RAM, Talata a jera tashin baƙi da lokutan bincike, VirtIO a bar shi ƙarshe, baƙo ɗaya a mako.

In an yi duk wannan w_await bai sauko ƙasa da 20 a lokacin aiki ba, diskin ne ya kai iyakarsa, kuma kuɗin da za a nema na SSD ne, wato diski marar juyawa, wanda bai kai kusa da na sabuwar saba ba. Biyu sun isa, a haɗa su RAID 1, a mai da ma'ajiyar bayanai da diskin tsarin Windows can, a bar wa masu juyawa fayiloli. Amma a sayi na saba, masu kafasitar da ke ƙarasa rubutu in wuta ta yanke, irin jerin Samsung PM893 ko Kingston DC600M. Na kwamfutar hannu da ake samu a kasuwa suna da gudu a minti na farko, sai su faɗi ƙasa warwas in ma'ajiyar bayanai ta riƙa neman tabbacin kowane rubutu, kuma suna saurin cinyewa. Kafin ka ɗora musu kaya ka gwada da `pveperf` a kan jakar da suke, ka dubi FSYNCS/SECOND: diski mai juyawa ba tare da batir ba ba ya wuce gomomi, SSD na saba yana ba da dubbai. In fio za ka yi amfani da shi, ka nuna masa fayil na gwaji, kada ka taɓa nuna masa `/dev/sda` ko wani diski mai bayanai, don gwajin rubutu yana shafe abin da ya tarar. Ka kuma tabbatar katin RAID ɗinku ya san samfurin SSD ɗin kafin a biya kuɗi, domin wasu sabobin in ba su gane zafin diskin da aka soka musu ba, fankokinsu kan tashi da cikakken gudu su ƙi sauka.